Tsagewar Roba a Injin Tsohuwar Mota

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ya zama wajibi in gode wa kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni. A takardar gayyata an ce in yi magana a kan duk abin da na ga zai amfani jama'a, muddin ban wuce minti 20 ba. Na san wasunku sun zaci aikin gwamnati zan taɓo, tunda shi nake yi. To, a cikin wannan ɗaki akwai manyan da suka fi ni sanin aikin gwamnati nesa ba kusa ba. Don haka na zaɓi fagen da ba na jin wani zai ja da ni, wato wata 'yar roba da ba ta fi tafin hannu ba, wadda take jikin injin tsohuwar mota, da yadda ake sauya ta idan ta tsage.

Da yawanku kun san ina da wata tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, mai silinda shida, ƙirar 1997, wadda ta shigo ƙasar nan a hannu na biyu. Lokacin da aka ƙera ta, yawancin 'yan ajinmu muna firamare. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ma'aikacin gwamnati ba ya talla. Abokai sun daɗe suna yi mini tsiya, wai na sayi motar da ba ta rage wa kowa hanya. Na ji, amma ita ce ta koya mini abin da zan gaya muku yau, kuma abin ya shafi duk mai motar da ta haura shekara 10, ko mai kujera biyu ce, ko mai ɗaukar iyali gaba ɗaya. Maganar a taƙaice ita ce, robar da ruwan injin ke bi ta cikinta tana da wa'adi. Wanda ya sauya ta kafin wa'adin ya cika ya sayi roba, wanda ya jira ta fashe a kan hanya yana iya sayen injin.

Yadda roba ta shiga injin

Injin mota yana ƙona fetur, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da yake samarwa ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaya cikin injin, ya ɗebi zafi, ya fita zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, ya komo. A bakin ƙofar fita akwai wani ɗan maigadi da ake kira tamostat. Idan injin yana da sanyi sai ya rufe hanyar lagireto don injin ya yi saurin ɗumi, idan zafi ya kai iyakar da aka tsara sai ya buɗe. A irin motata yana fara buɗewa a digiri 92 na ma'aunin Salshiyas. Wannan maigadi yana zaune a cikin wani murfi da aka ɗaure a goshin injin, wanda manyan tiyo biyu suke kame da shi. Shi ne gidan tamostat, kuma shi ne ya tsage a motata.

Iyayenmu da suka hau Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun san lagireton tagulla. In ya yi yoyo sai a kai wa mai lagireto ya liƙe shi da dalma, a ci gaba da tafiya. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 sai kamfanonin mota suka koma ga lagireton alminiyam mai kawunan roba, sa'an nan roba ta bazu zuwa tankin ruwa, da gidan tamostat, da mahaɗan tiyo, har da farfelar famfon ruwa a wasu motocin. Ina nufin roba mai tauri, irin wadda in ka ƙwanƙwasa za ka ji ta kamar ƙashi, ba mai laushi irin ta tiyo ba.

Dalilinsu a fili yake. Nauyin wannan roba kusan rabin na alminiyam ne idan girmansu ɗaya. Ba ta tsatsa. Ana zuba ta a mazubi ta fito da kowace irin siffa a zubi ɗaya, ba sai an yi ta fiƙa da walda ba, don haka ta fi arha. Kuma ta yi aikinta, domin robar da ta yi shekara 20 tana fama da ruwan zafi ba za a ce ta gaza ba.

Masu tsofaffin motocin gudu a ko'ina a duniya sun san wannan labari, kowace mota da inda tata robar take. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, kan lagiretonta baƙi ne, kuma masu ita sun san cewa idan ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, ya kusa fashewa. Porsche Boxster ta 1996 tankin ruwanta yana cikin but na baya, kuma sau da yawa jiƙewar shimfiɗar but ce take fara tona asirin tsagewarsa. Injinan BMW masu silinda shida na farkon shekarun 1990 sun zo da famfon ruwa mai farfelar roba, wadda takan karye ruwa ya daina zagayawa, har daga baya aka fito da masu farfelar ƙarfe. Jaguar XK8 ta 1996 kuwa, abin da ke ɗame sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul jikinsa na roba ne, in ya tsage sarƙa takan tsallake haƙori, kuma daga baya kamfanin ya koma na ƙarfe. Kun ga ke nan abin ba na kamfani ɗaya ba ne, halin roba ne idan ta tsufa a cikin zafi.

Abin da ke tsaga ta

A nan sai in nemi izinin malamanmu na kimiyya, ranku ya daɗe, in biya karatun da kuka ba mu, in na yi tuntuɓe ku gyara mini.

Idan kuka duba jikin kan lagireto, sau da yawa za ku ga an buga PA66-GF30. PA66 shi ne nailan 66, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. GF30 kuwa yana nufin kashi 30 cikin 100 na nauyin robar zaren gilashi ne da aka cuɗa a ciki don ƙarin ƙarfi, kamar yadda magini yake cuɗa ciyawa a cikin ƙasar gini. Ana yin nailan 66 ne daga sinadarai biyu, kowanne yana da ƙwayar kabon shida, shi ya sa aka sa masa wannan lamba. Sinadaran suna kama hannun juna su yi doguwar sarƙa, kuma a duk inda biyu suka haɗu sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita. Tsawon waɗannan sarƙoƙi shi ne ƙarfin robar.

To, ruwan da ya fita ranar haɗi yana iya komowa ya kwance haɗin. Idan nailan ya daɗe a cikin ruwa mai zafi, ƙwayoyin ruwa suna shiga suna tsinka sarƙar a daidai mahaɗan nan, ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne malamai suka kira mana haidirolisis, wato tsinkewa ta hanyar ruwa. Robar ba narkewa take yi ba, domin nailan 66 sai ya kai wajen digiri 260 yake narkewa, ruwan injin kuwa ba ya kusantar nan. Abin da ke faruwa shi ne sarƙoƙin suna gajarta, robar tana rasa danƙonta, har ta zama kamar busasshen ƙwarya. A waje za ka gan ta lafiya lau, amma in ka murɗa bakin tiyo sai ya ɓare a hannunka. Zafi kuma yana ƙara wa wannan aiki sauri, mu kuwa a nan Arewa daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ga cunkoso, ga na'urar sanyaya mota a kunne.

Abu na biyu shi ne matsi. Mun koya a aji cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, amma a Jos, mai tudun kimanin mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96, saboda matsin iska ya ragu. Akasin haka ma gaskiya ne, in an ƙara matsi ruwa yakan jinkirta tafasa. Shi ya sa ake rufe ruwan injin ruf. Murfin tankin motata ba ya sakin numfashi sai matsi ya kai bar 2, wato kusan iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma a wannan matsi ruwa sai ya haura digiri 130 kafin ya tafasa. Ke nan duk sanda aka tada mota robar nan tana kumbura, in an kashe ta saki, kullum, shekara da shekaru. Ga shi kuma an ɗaure ta a jikin alminiyam, alhali zafi ba ya buɗa su daidai wa daida. Sarƙa ta gajarta, matsi yana turi, ƙarfe yana ja, dole wata rana a sami tsaga.

Abin da ke biyo bayan tsagar shi ne abin tsoro. Da zarar ta buɗe sosai matsi ya faɗi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 sai ya juye tururi nan take, ya fice cikin 'yan mintoci. Kan injin, wanda bakanikai suke kira tof silinda, na alminiyam ne, kuma zafin da ya wuce kima yana lanƙwasa shi. Gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, wani lokaci ma zaren notin da ke riƙe da kan injin ya zame. Kada kuma ku dogara ga allurar zafi ita kaɗai. A motoci da yawa an tsara ta ne ta tsaya a tsakiya muddin zafi bai fita daga wani faffaɗan tsakani ba, sa'an nan in ruwa ya zube gaba ɗaya, abin da ke auna zafin yana iya zama a cikin tururi, ya kasa faɗin gaskiya a kan lokaci.

Alamomin da ake dubawa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Roba takan yi gargaɗi kafin ta fashe, sai dai a hankali take magana. Ni ɗabi'ata ce duk ranar Asabar da safe, kafin a tada mota, in buɗe bonet in duba. A irin wannan dubawa na ga ruwan tanki ya ɗan sauka ƙasa da inda na bar shi, alhali babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Da na haska tocila a goshin injin sai na ga wani farin busasshen abu kamar kanwa ya bi gefen gidan tamostat, a bayansa kuma wata siririyar tsaga kamar gashi a gindin inda tiyon sama yake kamawa. Ruwa yana tsattsafowa ne in injin ya yi zafi, ya bushe tun bai kai ƙasa ba.

Saboda haka ga abin da za ku duba. Ruwan da ke raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Farin gari ko shuɗi-shuɗi a mahaɗa. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan an kashe mota. Baƙar robar da ta koma ruwan ƙasa. Sa'an nan yawancin kayan roba suna da wani ɗan da'ira kamar fuskar agogo a jikinsu, da lambar shekara a tsakiya da kibiya mai nuna wata. Wannan ita ce takardar haihuwar robar. Ta gidan tamostat ɗina ta nuna shekararsu ɗaya da motar.

Shawarwari uku da ban karɓa ba

Bakaniken da nake hulɗa da shi dattijo ne, ya koyi aiki tun zamanin 504, kuma hannunsa yana da albarka. Da ya ga tsagar sai ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba wani abu ba ne. Mu goge mu sa mata gam mai haɗi biyu, gobe ka hau abarka." Na ce, "Baba, in bango ya tsage don tubalinsa ya ruɓe, yaɓe zai tsai da shi?" Ya yi dariya ya ce a'a. Gam ba ya kama nailan da ya sha ruwan injin shekara da shekaru, in ma ya kama, tsagar alama ce cewa robar duka ta mutu, gobe wani gefen zai buɗe. Gam na wanda ya lalace a daji ne yana neman ya isa gari.

Shawara ta biyu ita ce a nemo na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar da aka shigo da ita. A kayan ƙarfe wannan shawara ce mai kyau, sau da yawa tsohon ƙarfe na asali ya fi sabon jabu. Amma a roba lissafin ya sha bamban, domin wanda za a ciro sa'an wanda ya tsage ne, ya sha zafin da ya sha. Ka cire tsoho ka sa tsoho, ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Ta uku ita ce wadda ta fi yaɗuwa a garejojinmu, wato a cire tamostat a yar, wai na ƙasashen sanyi ne. Jama'a, wannan ba daidai ba ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi na musamman. In babu tamostat yakan daɗe bai kai wannan zafi ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara fetur, mai ya tafi a banza, injin kuma ya yi ta ci. Bugu da ƙari, a injina da yawa tamostat aiki biyu yake yi. Idan ya buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin kai tsaye. In an cire shi wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kason ruwan ya riƙa zagayawa bai ga lagireto ba, sai motar da aka cire wa tamostat don kada ta yi zafi ta ɗauki zafi a cikin cunkoso.

Abin da na saya

Na sayi sabon gidan tamostat. Akwai na roba na asali, akwai kuma na alminiyam da wasu kamfanoni suke yi. Kowanne yana da nasa. Na roba yana zama daidai, amma shi ma wa'adinsa zai zo. Na alminiyam ruwa ba ya tsinka shi, sai dai wasu ba a goge fuskarsu da kyau ba, sai su yi yoyo ta gefe. Na ɗauki na alminiyam bayan na kifa shi a kan gilashi na tabbatar ba ya rawa.

Ban tsaya nan ba. Tankin ruwa, da lagireto, da tiyo, da murfi, da famfon ruwa, duk rana ɗaya suka fara aiki da wanda ya tsage, kuma ruwa ɗaya suka sha. Idan an sa sabo a wuri ɗaya, matsi ya koma cikakke, sai ya nemi na biye da shi a rauni. Tunda kuɗin aiki ɗaya ne, ruwan da za a zubar ɗaya ne, sai na sauya su gaba ɗaya, har da tamostat ɗin kansa da zoben robarsa. Na yi watanni biyu ina tara kayan daga albashi, motar tana ajiye, ina hawa motar haya zuwa ofis.

Yadda muka yi aikin

Mun bar motar ta kwana ba a tada ta ba. Wannan shi ne sharaɗi na farko, kada wanda ya kuskura ya buɗe murfin ruwa injin yana da zafi, domin ruwan zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Muka tara baho a ƙasa muka zubar da tsohon ruwa ta lagireto da ta jikin injin. A kula, sinadarin da ke cikin ruwan injin guba ne, ga shi da zaƙi, saboda haka kada a bar shi inda yara ko awaki ko kaji za su kai baki.

Daga nan muka cire fanka. A irin wannan injin notin fanka na sifana mai lamba 32 ne, kuma zarensa na hagu ne, wato ana kwance shi ta wajen da ake ɗaure sauran notina. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure shi yana zaton tsatsa ce. Muka cire garkuwar fanka, muka sassauta kilif muka zare tiyo biyu, muka kwance notina huɗu da ke riƙe da gidan. Da Baba ya riƙe tsohon ya ɗan matsa bakinsa da filaya, sai ya ɓantare kamar ƙuli-ƙuli. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ashe da gaskiyarka."

Kafin a ciro tsohon tamostat a lura da yadda yake zaune, domin sabon ma haka zai zauna, da 'yar alamarsa ko ƙofar iskarsa tana kallon sama. Muka goge fuskar injin da tsumma da abin kankara na roba. Ba a kankare alminiyam da sukudireba, domin ƙarzon da za ta bari hanyar ruwa ce. Muka sa sabon zobe da sabon gaskit, muka kama notina da hannu tukuna, sa'an nan muka ɗaure su a gicciye da sifana mai awo, ƙananan a kan Nm 10, babban a kan 22. Wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da hannun bakanike ya saba ba. Ɗauri fiye da kima yana tsaga sabuwar roba tun ranar farko, kuma yana cinye zaren alminiyam.

Sai zuba ruwa. Injin yana cin wajen lita 10, rabi ruwan sanyaya injin irin wanda littafin motar ya ce, rabi tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana barin ƙanzo a cikin siraran hanyoyin lagireto, kuma ba ya hana alminiyam ciwuwa. Wasu suna cewa mu da ba mu da ƙanƙara me za mu yi da ruwan hana daskarewa. Amsa ita ce, shi ne kuma yake hana tsatsa, yake ƙara jinkirta tafasa.

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da iska, kuma a nan ne aiki mai kyau yakan lalace. Iskar da ta maƙale a cikin injin tana hana ruwa isa wani sashe. Muka ɗaga gaban motar kaɗan, muka murɗa makulli ba tare da tada injin ba, muka kai hita ƙarshen zafi don hanyarta ta buɗe, muka sassauta ɗan sukurun fitar da iska, muka riƙa zuba ruwa a hankali har ya fito sumul babu kumfa. Shi ma wannan sukuru na roba ne, na maye shi da na tagulla. Muka tada injin ya yi zafi, muka taɓa tiyon muka ji ruwa yana zagayawa, hita tana busa zafi, babu ɗigo. Washegari da safe na sake duba ruwan na cike ɗan abin da ya sauka. Aikin duka ya ci mana yinin Asabar ɗaya. Da na koma gida na rubuta kwanan wata da kilomita da jerin abin da aka sauya a littafin da nake ajiyewa a cikin motar.

Kammalawa

Wannan littafi shi ne abin da nake so in ja hankalinmu a kansa, musamman mu ma'aikata. Duk wanda ya zagaya bayan ofisoshinmu ya ga motoci a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, suna jiran gwanjo. Wasu haɗari ne ya kai su nan, amma wasu in an bi diddigi ƙaramin abu ne irin wannan, wanda direba ya gani ya faɗa, takarda ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har injin ya buga. Mun iya rubuta takardar sayen sabo, amma neman kuɗin sauya abin da bai lalace ba tukuna yana da wuyar karewa a gaban mai binciken kuɗi. Abin da zai kare shi shi ne rubutu, wato shekarar da aka sa kaya, da kilomitar da ya yi, da ranar da ya kamata a cire shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to mai littafi yakan san ranar da bangon zai tsage.

Ni dai ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina ita ce, duk robar da ruwan injin ke bi ta cikinta, in ta kai shekara 10, zan sauya ta ko da tana ƙyalli. Wani yana iya ɗaukar tasa ƙa'idar bisa ga motarsa da aljihunsa. Roƙona shi ne, gobe da safe kafin ku tada mota, ku buɗe bonet, ku nemi ɗan agogon nan a jikin tanki ko kan lagireto, ku karanta shekarar, ku duba ko akwai farin gari a mahaɗa. Ku tambayi bakanikenku ko tamostat yana nan. In kuma wata rana kuka ga tururi ko allura ta haura a kan hanya, ku sauka gefen titi ku kashe injin nan take, kada ku ce bari in ƙarasa gidan mai na gaba, domin a wannan ɗan tsakanin ne ake rasa injin.

Ga malamanmu na kimiyya kuwa, ina shaida muku cewa darasin matsi da tafasar ruwa, da na sarƙoƙin sinadarai, waɗanda muka haddace don jarrabawa, sun fito mini a gareji bayan shekaru masu yawa, kuma sun tsare mini injin. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya. Mai girma shugaban taro, ina ganin ban wuce minti 20 ɗina ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya maimaita mana na baɗi.